Tarihin Nana Asma'u 'Yar Shehu Usmanu, Uwar 'Yan Taru

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya sanya neman ilmi wajibi a kan namiji da mace, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da matansa iyayen muminai, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, da ke 'yar'uwa da za ki karanta ko a karanta miki, na ga ya kamata kafin mu shiga sharhin waƙar Tawassuli ga Mata Masu Albarka in faɗa muku wace ce mai waƙar, domin wanda bai san rijiya ba ba ya sanin darajar ruwan da ya sha. Mu mazauna New Bell a nan Duwala mun yi nisa da Sakkwato, muna bakin teku ita tana bakin sahara, sai ya zamana sunan Nana Asma'u kowa ya ji shi, ana raɗa wa 'ya'ya mata shi a ranar suna, amma in ka tambayi uban yarinyar me mai sunan ta aikata sai ya ce 'yar Shehu ce, ya yi shiru. Wannan shirun nake so in cike gwargwadon abin da Allah ya sawwaƙe.

Fasali na farko: asalinta da tashinta

An haife ta a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir, a shekara ta 1793, watau 1208 ta Hijira. Tagwaye aka haifa, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da an kira ta Husaina, amma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar wadda ta riƙa kai guzuri kogo a lokacin Hijirar Manzon Allah. Mahaifiyarta Maimuna 'yar'uwar Shehu ce ta jini, ta rasu Asma'u tana ƙarama ƙwarai, sai abokan zamanta suka rene ta, cikinsu har da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Daga nan shaƙuwarta da Bello ta faro, ga shi ya girme ta da wajen shekara 12.

Ka sani gidan da ta tashi a ciki karatun mata ba baƙon abu ba ne. Yayarta Hadiza malama ce, ita ce mahaifiyar Shaihu Abdulƙadir ɗan Tafa. Shehu kuwa tun kafin a haifi Asma'u yana barin mata su halarci wa'azinsa, har wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya aiko masa da baitoci yana zarginsa da haɗa maza da mata. Shehu ya umurci ƙanensa Abdullahi ya mayar da jawabi, Abdullahi ya nuna cewa ba a cakuɗa su, kuma barin mata cikin jahilci shi ne ɓarna mafi girma. A cikin littafinsa Nurul Albabi Shehu ya yi kakkausar magana a kan malaman da ke tara almajirai a zaure don a yabe su, alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin gida ba su san hukuncin alwala ba. Duk sa'ad da na karanta wannan wuri sai in tuna da wasu zaurukanmu, amma bari mu ci gaba.

Ta karanta Alƙur'ani ta haddace shi, ta karanta tauhidi da fiƙihun Malikiyya da luggar Larabci da tasawwufi a kan tafarkin Ƙadiriyya wanda mahaifinta yake kai. Ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, da su uku ta yi rubutu, kuma tana jin harshen Buzaye.

Tana da shekara goma da 'yan watanni aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, cikin watan Fabrairu 1804, sa'ad da Sarkin Gobir Yunfa ya matsa wa Jama'a. Shekarun da suka biyo baya shekarun yunwa ne da tafiya da binne 'yan'uwa. An yi nasara a Tabkin Kwatto a wannan shekara, kana aka sha wuya a Tsuntsuwa inda mahaddata Alƙur'ani wajen 200 suka yi shahada, aka sake shan wuya a Alwasa a 1805, Jama'a ta koma Gwandu. Yarinya ce, amma da idonta ta ga wannan duka, ta ga yadda ake ɗora littattafai a bayan dabba ana gudu da su kamar jarirai. Alƙalawa ta faɗi a 1808. Mutanen Sakkwato suna da wani labari da suke bayarwa, cewa Nana ta jefa bakin wuta ta fuskar Gobir ranar da aka ci birnin. Ni ba na musun karamar waliyyai, Allah ya tsare ni, sai dai na lura masu son wannan labari sau da yawa a kansa suke tsayawa, su bar aikin shekara arba'in da ta yi da alƙalami.

Fasali na biyu: aurenta da zaman Sakkwato

A 1807 aka aurar da ita ga Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, malami mai son littattafai. Ta haifa masa 'ya'ya maza 6. Shehu ya zauna Sifawa, sa'an nan ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a can cikin Afrilu 1817. A wannan shekara kuma ta rasa Hassan abokin tagwaitakarta. Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa, sai ta kasance 'yar Shehu, ƙanwar Sarki, matar Waziri. Da hutu take so da ta samu.

Gidan Waziri kuwa gidan baƙi ne da wasiƙu. Nan manzannin sarakunan Kano da Zazzau da Adamawa suke sauka. Baturen Ingila Kilafatan da ya zo Sakkwato a 1824, ya komo a 1826, a hannun Giɗaɗo ya sauka, a Sakkwato kuma ya mutu a 1827. Alhaji Umaru Futi, babban shehin Tijjaniyya, ya yi shekaru a garin a zamanin Bello har ya auri 'yarsa. A tsakiyar wannan zirga-zirga, da hidimar ciyar da jama'a da renon 'ya'ya, ta rubuta littafinta na farko da Larabci, Tanbihul Gafilina, a 1820, tana da shekara 27. Ita da mijinta suka tsaya wajen tattara rubuce-rubucen Shehu da kwafe su kada su salwanta, ga takarda da tsada, ta hamada ake kawo ta, ga gara ga damina. Giɗaɗo shi ne mai Raudul Jinani a kan karamomin Shehu.

Fasali na uku: waƙoƙinta

Abin da aka tattara na wallafe-wallafenta ya kai wajen 60. Ba zan lissafa su duka ba, zan dai nuna maka yadda take zaɓen harshe, domin a nan hikimarta take. In da malamai take magana, Larabci take yi, kamar waƙar maraba da ta yi wa wani malamin Shingiɗi da ya biyo ta Sakkwato, da kuma Tabshirul Ikhwani na 1839 a kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani. In da danginta da ma'abota gidan Shehu take, sai Fulatanci, da shi ta yi mafi yawan marsiyyoyinta. In kuwa talakawa take nufi, matan ƙauye da bayi da waɗanda yaƙi ya kawo, sai ta sauko ga Hausa, da kalmomi masu sauƙi da amsa-amo mai daɗin riƙewa.

Dubi waƙarta ta sunayen surorin Alƙur'ani, wadda ake kira Sunago. A baiti 30 ta jera surori 114, ta fara yin ta da Fulatanci, daga baya ta mayar da ita Hausa. Matar da ba ta taɓa riƙe allo ba in ta haddace wannan ta san taswirar Littafin Allah, ta kuma sami abin yin addu'a da shi. A 1831 ta fassara waƙar Shehu ta Fulatanci zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa, wadda ƙanenta Isa Autan Shehu ya yi wa tahamisi. Waƙa ce mai gargaɗin masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci da cin hanci da tauye mudu, kuma ka lura da lokacin da ta zaɓa ta fito da ita da harshen da kowa ke ji: lokacin da 'yan'uwanta ne ke kan mulki. Akwai Goɗaben Gaskiya ta 1842, akwai Roƙon Ruwa ta 1857 da ta yi a lokacin fari, akwai Sharuɗɗan Ƙiyama. Tarihin jihadi kuma ta tsara shi a Filitago a 1839, wadda Hausarta ita ce Waƙar Gewaye, tana bin sawun Shehu zango zango.

Waƙar da ke cikin wannan ɗan littafi asalinta daga Bello ne. Ya wallafa Kitabun Nasihati da Larabci a kan mata salihai, ya nemi ta mayar da shi waƙa. Ta yi ta da Fulatanci a 1836, ta yi ta da Hausa a 1837. Ta ambaci matan Annabi da 'ya'yansa, ta ambaci Rabi'atul Adawiyya ta Basra da Nana Nafisa ta Masar da sauran waliyyai mata na gabas, sa'an nan ta ƙara da matan ƙasarta waɗanda ta sani, irin su Joɗa Kawuri da 'Yar Hindu, malaman Alƙur'ani. Wannan ƙari shi ya fi taɓa ni. Tana nuna wa mai sauraro cewa ƙofar walittaka ba a rufe ta a Bagadaza ba, maƙwabciyarki mai koyar da yara tana iya shiga sahun.

Haka marsiyyoyinta suke. Ta yi wa Bello da ya rasu a Wurno a 1837, ta yi wa 'yar'uwarta Faɗima, ta yi wa Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'ishatu matar Bello. Amma ta yi wa maƙwabciyarta Halima, mace mai sulhunta dangi, ta yi wa wata jajinta Hauwa'u. Kuma in ta yabi Bello, ilminsa da tsoron Allahnsa da tausayin talaka take kawowa gaba. Ba ta kasance mai rufe ido ga al'amuran sarauta ba. Ta yi waƙar nasarar Gawakuke, yaƙin 1836 inda Bello ya karya haɗin Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye, ta yi addu'o'i a kan mayaƙan Tsibiri da suka dinga kawo hari, kuma da aka tuɓe Ɗan Yalli daga sarautar Yabo saboda munin halinsa ta yi waƙa tana gode wa Allah, ba ta duba cewa ɗan gidan masu jihadi ne ba.

Fasali na huɗu: 'Yan Taru

Yanzu mun zo ga babban aikinta, ina roƙon mai karatu ya natsu.

Bayan yaƙe-yaƙe ƙasar Sakkwato ta cika da mata waɗanda ba su tashi cikin karatu ba. Da yawansu kamammu ne daga Gobir da Zamfara da Kabi, an raba su da gidajensu, an zaunar da su a ƙauyuka da ribaɗoɗi. Kada mu ɓoye wannan, yaƙi ne ya kawo su, kuma zukatansu na ɗauke da ciwo. Abin da suka sani na neman sauƙi in ciwo ko baƙin ciki ya zo shi ne bori. A Gobir kuwa bori yana da shugaba mace, ita ce Inna, 'yar gidan sarauta, mai sanya malfa, mai faɗa a ji. Malamai sun yi ta hani, hanin bai shiga ɗaki ba, domin malami namiji iyakarsa zaure.

Wajen 1840 Asma'u ta ɗauki wata dabara. Ta zaɓi dattijai mata masu hankali da amana daga garuruwa, ta naɗa kowace ta zama jaji. Kalmar nan mu jikokin fatake mun san ta, jaji shi ne mai jan ayari, wanda ya san hanya da mashaya da zango. Ta ba kowace jaji malfa, ta naɗa mata jan ƙyalle a kai, watau ta ɗauki alamar girman da matan suka saba gani a kan Inna ta ɗora ta a kan mai ilmi. Ita kanta ana kiranta Inna, ana kiranta Uwar Gari. Jaji takan taro mata daga ƙauyenta, tsofaffi waɗanda suka gama haihuwa da 'yan mata da ba a yi wa aure ba, domin su ne za su iya tafiya ba tare da an bar miji da jariri ba. Su tako a ƙasa har Sakkwato, wani lokaci tafiyar kwanaki, suna ɗauke da sadakar matan da suka rage a gida: hatsi, zuma, man shanu, zare, ƙyalle. Nana ta karɓa ta raba wa makafi da guragu da marayu. Sa'an nan ta zaunar da su ta koya musu waƙa baiti baiti har ta zauna, ta warware musu ma'ana, ta ji matsalolinsu na aure da gado da tsarki ta ba su hukunci. Su koma gida, su shiga ɗaki ɗaki su koya wa matan aure abin da suka ɗauko. Waɗannan su ne 'Yan Taru.

Ka duba abin da wannan tsari ya ƙunsa. Ba a gina makaranta ba, ba a nemi kuɗin baitulmali ba, ba a fitar da matar aure daga ɗakinta ba, amma karatu ya kai gare ta tana daka, tana kaɗi, tana lallashin goyo. Waƙa ba ta jin tsoron gara, kuma ba ta bukatar fitila. Ta koya musu salla da azumi, da wankan gawa, da kula da mara lafiya, da sulhu tsakanin kishiyoyi, ta ba su addu'a a madadin girka. Ta kuma ba tsohuwa matsayi, wadda da ana ganin aikinta ya ƙare.

Wata tsohuwa a gidanmu, Allah ya ji ƙanta, wadda aka kawo ta Duwala daga Ngaundare tana amarya, takan rera baitocin wa'azi in tana tsince shinkafa, rabi da Hausa rabi da Fulatanci. Ba ta iya karatun boko ba, ajami ma kaɗan take ganewa, amma ba ka iya ruɗa ta a kan farillan alwala ko abin da ke karya azumi, kuma duk matar da ta rasu a layinmu ita ake kira. Ba ta taɓa sa malfa ba, amma aikin jaji take yi. Hanyar da irin wannan karatu ya biyo ba ɓoyayya ba ce. Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu, Fombina ta zama ɗaya daga ƙasashen daular, Yola da Garwa da Marwa da Ngaundare da Tibati da Banyo duk suna duban Sakkwato. Kakanninmu suka biyo ta nan da fataucin goro da hauren giwa da shanu har suka iso bakin kogin Wuri, aka zaunar da baƙi a New Bell bayan da Jamusawa suka yanka unguwar wajen 1914. Sun zo da awo da ciniki, matansu kuma sun zo da abin da ke cikin ƙirjinsu.

Shi ya sa nake jin nauyi in na ji wani a cikinmu yana cewa karatun 'ya mace al'adar Nasara ce, ya cire yarinya daga islamiyya da lakwal gaba ɗaya ya ɗora mata tire ta bi kasuwa da tasha. Mutumin nan da bakinsa yake neman albarkar Shehu bayan salla. To, Shehun da yake kira 'yarsa ta rubuta littafi da Larabci tun Turawa ba su san hanyar Sakkwato ba. Wasu kuma daga ɗaya gefen suna ɗaukar Nana su sa mata rigar da ba tata ba, kamar wadda ta tashi yaƙi da maza ko da shari'a. Rubutunta yana nan, mace ce sufiya mai zuhudu, mai yawan ambaton mutuwa da hisabi, kuma da izinin mahaifinta da goyon bayan yayanta da mijinta ta yi abin da ta yi.

Fasali na biyar: ƙarshen rayuwarta

Ta ga zamanin sarakunan Musulmi huɗu bayan Shehu: Bello, da Abubakar Atiku, da Aliyu Babba, da Ahmadu ɗan Atiku. Ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a wazirci, ya kuma riga ta rasuwa a 1859. Ta tsufa tana binne na ƙasa da ita, alƙalami bai faɗi daga hannunta ba, har a 1861 ta yi Dalilin Samuwar Allah da Hausa. Ta rasu a 1864, watau 1280 ta Hijira, tana da shekara 71, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta.

Ƙanwarta Maryamu 'yar Shehu, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo ta komo gida bayan rasuwarsa, ita ta riƙe 'Yan Taru a bayanta, kana Tamodi ta karɓa. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, sarauta ta sauya, amma ayarin mata bai yanke zuwa Hubbare ba. Wazirci ya zauna a zuriyarta. Waziri Junaidu, wanda ya riƙe muƙamin daga 1948 har rasuwarsa a 1997, ɗan Waziri Buhari ne, ɗan Ahmadu, ɗan Giɗaɗo da Nana. Shi ya adana takardunta a gidansa, shi kuma ya buɗe su ga wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato. Ta fitar da tarihin Nana da Turanci a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga dukan abin da aka samu na wallafe-wallafenta a 1997, da asalinsu da fassararsu. An sa sunanta ga makarantun 'yan mata da ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'o'in arewacin Nijeriya.

Allah ya ji ƙan Nana Asma'u, ya ƙara mata yarda, ya haskaka kabarinta da na mahaifinta da na jajojinta waɗanda aka san sunansu da waɗanda ba a sani ba. Amin.